Yau injin Mustang ɗina ya tashi

Alhamdulillah. Bayan wata goma sha ɗaya ina gyaran tsohuwar motata, yau da hantsi na murɗa makulli, injin ya yi tari sau biyu, sannan ya kama ruri. Wallahi sai da idona ya ciko.

Ford Mustang ce ƙirar 1967, mai injin V8 (silinda takwas) da ake kira 289, girmansa lita 4.7. A nan Amurka na saye ta wajen wani dattijo, ta shekara da shekaru a ajiye. Ni ba makanike ba ne, da ita na fara. Ko sifanonina ba su hau notinta ba, domin awon inci ne, sai da na sayi wasu.

Tsatsa ce ta fi ba ni wahala. Irin waɗannan motoci ruwan sama na bi ta ramin iskar da ke gaban gilashi, ya zauna, ya ci ƙarfen, ya tsiyaya ƙasan kafet. Da na ɗaga kafet ɗin gefen direba, siminti na hango ta cikin ramin da tsatsa ta yi. Wata uku ina koyon walda a kan guntayen ƙarfe kafin na yarda na taɓa jikinta.

Kafireta kuma na kwance ta ɗaiɗai, ina ɗaukar hoton kowane ƙaramin ƙarfe. Makon jiya motar ta ƙi tashi, ashe wayoyin fulogi biyu na sauya. Jerin wutarta, wato yadda fulogogi ke kama wuta bi da bi, 1-5-4-2-6-3-7-8 ne, yanzu na haddace shi.

Fenti zai jira. Birki ne a gabana, ba za ta hau titi ba sai na gamsu da shi.