Godiya ga waɗanda suka sa hannu a aikin ma'aunin fargabar jarrabawa na Sifaniyanci

Alhamdulillahi, aiki ya kammala. Takardar tambayoyin da ke auna fargabar jarrabawa, wadda muka gyara don 'yan sakandare masu jin Sifaniyanci a ƙasar Sifaniya, ta fito a siffarta ta ƙarshe. Sunaye kaɗan ne za su hau kan rahoton binciken, alhali masu hannu a ciki suna da yawa, shi ya sa muka ga ya dace mu gode musu a fili, mu kuma faɗi abin da kowa ya yi. 'Yan uwa da ke ta tambaya, "wai jimla 20 ɗin nan ce har yanzu ba a gama fassarawa ba?", ga amsarku.

Ma'aunin da muka ɗauko shi ne TAI, wato Test Anxiety Inventory a Turance, wanda Charles Spielberger ya fitar a Amurka a 1980. Jimla 20 ne, ɗalibi yana karanta kowace ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, daga "kusan ban taɓa ji ba" zuwa "kusan kullum", maki kuma yana tashi daga 20 zuwa 80. Jimla takwas suna auna damuwar da ke cikin kai, irin tunanin faɗuwa da abin da zai biyo bayanta. Takwas suna auna abin da jiki ke yi: bugun zuciya, murɗawar ciki, ɗaurewar jiki. Sauran huɗun a jimillar maki kawai suke shiga. Wannan rabo ya samo asali daga aikin Liebert da Morris na 1967. Muna godiya ga masu haƙƙin mallakar ma'aunin da suka ba da izini, domin ba a taɓa irin wannan takarda sai da rubutacciyar yarda.

Masu fassara, Allah ya saka muku da alheri. Mutum biyu da Sifaniyanci ne harshen uwarsu suka fassara daga Turanci, kowa shi kaɗai, ba tare da ganin na ɗan uwansa ba. Ɗaya masanin halayyar ɗan Adam ne, ɗaya kuwa bai san fannin ba, kuma da gangan aka yi haka: masani yakan zame ya rubuta kalmomin ɗakin lacca, shi kuwa ɗayan yana rubuta yadda ake magana a gida. Aka haɗa fassarar biyu ta zama ɗaya, aka miƙa wa wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin asalin ba, suka mayar da ita Turanci. Wannan hanya ta mayar da fassara Brislin ne ya yi mata bayani tun 1970, kuma tana kama kuskure mai girma. Sai dai akwai abin da ba ta gani. Fassarar da ta bi kalma da kalma ita ce ta fi komawa Turanci sumul, ko da yaro ba zai gane ta ba. Kalmar ansioso, wato mai fargaba, takan koma Turanci daidai ba tangarɗa, amma a bakin mutane tana iya nufin mai ɗoki, wanda ya ƙagu a fara. Yaron da ya yi karatu yana jiran a raba takarda sai ya zaɓi "kusan kullum", mu kuma mu rubuta shi cikin masu fargaba. Maganar yau da kullum ta fargaba ita ce nervios, ita ta shiga takarda.

Sai kwamitin da ya zauna a kan kowace jimla: malaman aji, malaman ba da shawara na makarantu, masana harshe da masanin awo. Su suka nuna mana cewa aji ɗaya a Sifaniya ba bakin Sifaniyanci ɗaya ba ne. Ga 'yan ƙasa, ga 'ya'yan waɗanda suka zo daga Kolombiya, Ekwado, Benezuwela da Peru. Faɗuwa jarrabawa a Sifaniya suspender ne, a Meziko reprobar, ɗan Kolombiya ya ce perder, ɗan Peru ya ce jalar. Aka kauce wa duka, aka rubuta "rashin cin jarrabawa" da kalmar da kowa ya sani. Lambar maki ma ba ta shiga ko ɗaya daga jimlolin ba, tunda a Sifaniya daga 0 zuwa 10 ake bayarwa, 5 ce ci, a Chile daga 1 zuwa 7, 4 ce ci, a Peru kuwa ma'aunin 20 aka saba da shi. Haka nan siffar namiji da ta mace: maimakon a cika takarda da nervioso/nerviosa, wanda ke sa ido tuntuɓe, aka juya jimlolin zuwa "ina jin kaza".

Wurin da kwamitin ya fi daɗewa shi ne "jarrabawa mai muhimmanci". Sakandaren dole a Sifaniya, wato ESO, shekara huɗu ce, daga 12 zuwa 16, sai Bachillerato shekara biyu. Ɗan shekara 13 in ya ji "mai muhimmanci", ta ƙarshen zango yake tunani da tsoron maimaita aji. Ɗan shekarar ƙarshe kuwa ba abin da ke kansa sai jarrabawar shiga jami'a da suke kira Selectividad, kusan matsayin JAMB a wajenmu. Jimla ɗaya, abin tsoro biyu. Aka bayyana abin da ake nufi a umarnin saman takarda, aka kuma ware jadawalin maki na ESO daban da na Bachillerato.

Godiyar da ta fi kowace nauyi ta ɗalibai ce. A wannan mataki ƙa'idar da Beaton da abokan aikinsa suka shimfiɗa a 2000 ita ce a gwada da mutum 30 zuwa 40. Ana zama da yaro shi kaɗai, ya karanta jimla da ƙarfi, ya sake faɗin ta da nasa kalmomin, sannan ya ce me ya sa ya zaɓi amsar da ya zaɓa. Ba a gyara masa, ba a nuna masa a fuska cewa ya kauce. Abin da manya masu digiri suka karanta suka wuce, a nan yaran suka tsaya a kai. Jimlar farko ta ma'aunin ita kaɗai ce ke tafiya a juye, tana magana a kan natsuwa da yarda da kai, kuma abu biyu ne aka cusa a wuri guda. Yara suka ce akwai wanda ya yarda zai ci amma hannunsa na rawa, to wanne zai zaɓa? Sun nuna cewa in jimla tana da "ba" kuma amsa ita ce "kusan ban taɓa ba", korewa biyu ne suka haɗu, sai kai ya juye. Sun ce a menudo, wato "sau da yawa", maganar littafi ce ga wasunsu, aka maye ta da muchas veces. Su ne kuma suka ba da quedarse en blanco, abin da kowane ɗalibi ke faɗi in ya zauna ya ga duk abin da ya sani ya gudu. Yara, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sa'ar jarrabawa.

Iyaye, mun gode da amincewa. Dokar kare bayanai ta Sifaniya ta 2018 ta bai wa ɗan shekara 14 damar yarda da kansa a kan bayanansa, amma an nemi sa hannun uba ko uwa ga duk wanda bai kai 18 ba, tare da yardar yaron. Ba a rubuta suna a takarda ba, lamba ce, ita ake bi a haɗa amsar farko da ta biyu.

Shugabannin makarantu da malamai sun ba da lokacin darasi, abin da ba shi da arha. Cika takardar minti 10 ne, amma zaɓen ranar shi ne aiki. TAI halin da ɗalibi ya saba ciki yake aunawa, ba tsoron safiyar yau ba, don haka ba a raba ta ranar jarrabawa ko ranar da aka ba da sakamako. Ana raba kujeru, domin samari musamman sukan rage amsa in aboki na leƙe. Malamin da ke ba da maki yakan koma bayan aji, in ba haka ba yara su ɗauka amsarsu za ta shafi sakamakonsu. Bayan mako biyu zuwa huɗu aka sake ba wani ɓangare na ɗaliban takardar, a lokacin da babu babbar jarrabawa a tsakani, don a ga ko makin ya tsaya.

Ga masu lissafi, a taƙaice: sun hana a yi gaggawa. Mafi ƙarancin abin da ake nema mutum 10 ga kowace jimla, wato 200, kuma mai son kwatanta maza da mata ko aji da aji sai ya ninka. Sun tabbatar an juya makin jimlar farko kafin tarawa, 4 ta zama 1, 3 ta zama 2, domin mantuwa da wannan kaɗai na iya sa a zargi jimla mai kyau. Sun ware takardun da aka zaɓi amsa iri ɗaya daga sama har ƙasa. Alfa ta Cronbach, lambar da ke nuna yadda jimlolin suka dace da juna, ana son ta haura 0.70, amma in ta wuce 0.95 alama ce jimloli suna maimaita juna. Sun kuma ƙi a kwatanta 'yan mata da samari sai da aka gwada ko jimlolin suna aiki iri ɗaya ga kowa. An daɗe da sanin 'yan mata sukan fi maki a irin wannan awo a ƙasashe da yawa, to dole a bambance tsakanin fargabar da ta fi yawa da kuma sauƙin faɗin ta.

Muna roƙon masu amfani da takardar abu biyu. Maki mai yawa ba hukuncin likita ba ne, dalili ne na malamin ba da shawara ya zauna da yaro a keɓe, kuma ba a karanta shi a gaban aji. Sannan kada a ɗauke ta yadda take a kai Ajantina ko Meziko. A Ajantina vos ake cewa a maimakon tú in za a ce "kai" ko "ke", tsarin makaranta ma daban ne, sai an sake zama da yaran can.

Kowace makaranta da ta shiga za ta karɓi rahoton ɗalibanta a dunƙule ba sunan kowa, tare da takardar da umarnin tara maki. Iyalanmu da malamanmu na gida da suka bi mu da addu'a, Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da alheri, amin.

Daga tawagar aikin.