Godiya ga waɗanda suka taya mu buɗe sabar da ta kulle

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin sashen kwamfuta na ofishinmu, muna miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan sana'a da suka hana idonsu barci daren Alhamis har kusan asuba, lokacin da sabar da ake lissafin albashi a kanta, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta kulle fuska alhali babu ɗayanmu a kusa da ita. Lissafin yana tafiya ne a cikin zaman da ya kulle, wato shigar da mai asusun ya yi tare da manhajojin da ya bari a buɗe, don haka zancen kashewa a kunna bai ma taso ba. Mutane da dama sun tambayi yadda aka ƙare, shi ya sa muka haɗa godiyar da bayani. Mun ɗauka kwaɗo ɗaya ne a ƙofar, ashe uku ne, kuma kowanne da wanda Allah ya ba mabuɗinsa.

Ga yadda hanyar take. Daga laftof ake shiga wata kwamfuta da ke ofis ta Remote Desktop, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, daga cikinta kuma a sake buɗe wani Remote Desktop ɗin zuwa sabar, wadda Windows Server ne a kanta. Taga cikin taga ke nan. Da aka jima ba a taɓa komai ba sai sabar ta kulle, ta nemi a danna maɓallan nan uku, Ctrl da Alt da Del, kafin ta nuna gurbin kalmar sirri.

Godiya ta farko ga Malam, wanda da yawanmu a hannunsa muka koyi wannan aiki. Shi ya tuna mana cewa Ctrl da Alt da Del ba sa taɓa ƙetare kwamfutar da ke gabanka. Da gangan Windows take kama su tun kafin kowace manhaja ta gan su, domin kada wani ya zana fuskar shiga ta bogi ya kwashe kalmomin sirrin jama'a. Madadinsu a Remote Desktop shi ne Ctrl da Alt da End. To amma a taga cikin taga, kwamfutar tsakiya ce ke cafke su, sabar ba ta ma san an danna ba. Dabarar da ya bayar: a rage girman tagar sabar, a buɗe allon madannai na kan fuska a kwamfutar tsakiya ta hanyar rubuta osk a wurin bincike, a taɓa tagar sabar da linzami, sannan a danna Ctrl, Alt, End a kan wannan allon ɗaya bayan ɗaya. Idan ba a ga End ba, a ja tagar osk ta ƙara faɗi. Nan take gurbin kalmar sirri ya fito. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Sai kalmar sirrin ta ƙi shiga, kuma daidai ake rubuta ta. Nan ne muka yi kuskuren da ya ja mana daren: aka yi ta maimaitawa har asusun ya kulle. Wata 'yar uwa injiniya ce ta ce a danne alamar idon da ke ƙarshen gurbin a ga abin da ake rubutawa da gaske. A kalmar akwai alamar @. A tsarin madannai na Amurka, Shift da 2 ne ke ba da ita. A na Ingila kuwa Shift da 2 alamar zance suke bayarwa, Shift da 3 kuma su ba da £ a maimakon #. Remote Desktop matsayin maɓalli yake aikawa, zaman da ke can ne ke fassara shi da tsarin da aka buɗe shi da shi, kuma namu da na Ingila aka buɗe shi. Ana sauya tsarin daga kusurwar dama ta ƙasa a fuskar shiga. Abokan aikinmu na Nijar masu madannai irin na Faransa su fi kowa lura, domin a nasu A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, lambobi kuma sai da Shift. Yaya, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Kwaɗo na biyu shi ya fi cin lokaci. Rufe taga a sake haɗawa yakan mayar da mutum cikin zamansa a buɗe, amma ba idan asusu ya kulle ba, domin NLA, matakin tantancewa na Remote Desktop, tana duba suna da kalmar sirri tun kafin a nuna maka fuskar sabar. Wani abokin aiki mai ikon gudanarwa ya shiga PowerShell, inda ake rubuta wa Windows umarni, ya tabbatar da kullewar da Search-ADAccount -LockedOut, ya buɗe da Unlock-ADAccount -Identity haɗe da sunan asusun. Kafin a gama murna ya sake kullewa, babu wanda ya taɓa komai. Shi ne ya buɗe Event Viewer, manhajar duba kundin abubuwan da suka faru, a kan sabar da ke riƙe da rajistar asusun ma'aikata, ya tace kundin tsaro da lamba 4740, wadda ke nuna sunan kwamfutar da ta jawo kullewa. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ofishin akanta da aka bari a kunne, tana ta ƙwanƙwasa rumbun fayiloli na ofis da kalmar sirrin da aka ajiye mata tun tuni.

A nan ya koya mana abin da ya kamata kowa ya riƙe. Idan ana ajiye tarihin kalmomin sirri, Windows ba ta ƙirga kuskure idan abin da aka shigar ɗaya ne daga cikin tsofaffin kalmomi biyu na baya-bayan nan. Shi ya sa waccan kwamfutar ta daɗe tana yi ba a ji ɗuriyarta ba. A makon nan aka canza kalmar karo na uku, sai tsohuwar ta fita daga rangwamen. Da cmdkey /list aka gano ta, da cmdkey /delete aka goge ta, sannan aka sake buɗe asusun ya zauna.

Na uku abin dariya ne, masu taimakon ne da kansu suka cike gurbi. Windows Server mutum biyu kawai take bari su yi aiki a lokaci ɗaya ta wannan hanya in babu lasisin RDS, wanda ke ba mutane da yawa damar shiga tare. Umarnin query session /server: da sunan sabar ya jero zaman kowa da lambarsa, aka cire mutum ɗaya da tsdiscon, wanda ke yanke haɗi ya bar manhajoji suna aiki. Godiya ta musamman ga ƙaninmu ɗan koyon aiki da ya ce a dakata lokacin da aka kusa rubuta logoff a kan lambar zaman da aka gani alamar an yanke shi. Zaman albashin ne. Da logoff ko reset session ya hau kansa, da lissafin ya tafi. Yaro ne a shekaru, amma ranar shi ya riƙe mu.

Akwai shawarwari biyu da ba mu ɗauka ba, kuma muna roƙon waɗanda suka ba da su da kyakkyawar niyya kada su ji komai. Kashe NLA ba ya buɗe asusun da ya kulle, tsaro kawai yake ragewa. Buɗe ƙofa mai lamba 3389, wadda Remote Desktop ke bi, kai tsaye ga intanet don a tsallake kwamfutar tsakiya kuwa, gayyatar masu gwada kalmomin sirri dare da rana ne, su ma su riƙa kulle mana asusu. Wanda ya tuna BlueKeep, ramin tsaro a Remote Desktop na watan Mayun 2019, da ya sa Microsoft ta fitar da facin gyara har ga Windows XP, ya san dalilin.

Sabar tana da ƙofar iDRAC a bayanta, hanyar kula da injin Dell daga nesa, wadda ke nuna fuskar injin kai tsaye tare da maɓallin aika Ctrl da Alt da Del, ko da Remote Desktop ya mutu. Masu injin HP kuwa, irin wannan ƙofa a wurinsu iLO ake kiranta. Tamu ba a taɓa jona mata waya ba, laifinmu ne, an jona yanzu an kuma canza kalmar sirrin da ta zo da ita.

Sai Baba maigadi, da ya zauna gefen janareta yana duba mai har aka gama, kuma da wani ya kira shi a ruɗe ya ce ya zare filogin sabar, ya ce sai ya ji daga bakin shugaban sashe. Baba, Allah ya ja kwana, ya albarkaci zuri'a. Albashi ya fita kafin a tafi masallacin Juma'a.