Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Rasidin Baba

A makon jiya na yi alkawarin ba da labarin aurena na fari, amma maganar rasidin nan ta hana ni sakat, don haka masu karatu su yi mini haƙuri.

A shekarar 1973 ne, shekarar da fari ya ƙone gero tun bai fitar da kai ba, kuma shekarar da aka canja fam da sule zuwa naira da kwabo. Mutanen ƙauyenmu na ƙasar Daura ba su gama gane cewa fam guda naira biyu ne ba, sai ga masu karɓar haraji. Baba ya kai akuyar Inna kasuwar Mai'aduwa ya sayar, ya biya, aka ba shi 'yar takarda, ya ninke ya soke a cikin hula. Bayan wata biyu aka sake kiransa, aka ce bai biya ba. Ya tuɓe takalmansa ya miƙo mini, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shaidata." Malamin harajin ya duba, ya yi murmushi, ya ce ai wannan ta bara ce. Aka shanya Baba a rana tun hantsi har la'asar, ina tsaye rungume da takalman, sai da Kawu ya jinginar da jakinsa aka sake shi. A hanyar gida abu ɗaya ya faɗa: wanda bai iya karanta takardar da ke hannunsa ba, igiyar ɗaurinsa yake riƙe da ita.

Shi ya sa da aka buɗe makarantun UPE, wato shirin gwamnati na ilimin firamare ga kowa, a 1976, lokacin da maƙwabta ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu, shi da ƙafarsa ya kai ni, ina da shekara goma sha biyu, har sai da hedimasta ya rage mini shekaru a rajista. Masu yi masa gorin ya sayar da ɗansa ga boko, 'ya'yansu ni ne na riƙa rubuta musu wasiƙa daga baya, kuma sun san kansu.

A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, domin a lokacin Daura tana ƙarƙashinta, sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Gari ya ɗauki guɗa ana cewa talaka ya sami 'yanci. Baba bai musa ba, ya dai ce an kwance igiya ɗaya. Na yarda da shi a yau fiye da jiya, duk sa'ad da na ga dattijo yana dangwala yatsa a takardar sayar da gona ba tare da an karanta masa ba.

A daren da labarin soke harajin ya iso ne Baba ya ciro rasidin daga hula, ya kusanto da fitilar ƙwai, ya ce in karanta masa. Tawadar ta dusashe, amma shekarar tana nan ɓaro-ɓaro: 1973. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ninke ya mayar, bai ce uffan ba.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, kuma cikin ikon Allah jikan malamin harajin nan ya zauna a ajina. Ban taɓa rage masa maki ko ɗaya ba, amma ba zan ɓoye ba, na fi tsananta masa bulala a kan sauran yara, shi kuwa bai san dalili ba.