Wata uku na yi kafin na raba karena da ƙuma

A tsakiyar damina karen da ke mana gadi ya fara wata irin susa da ba mu saba gani ba. Yana kwance sai ya zabura, ya lanƙwashe ya kafa haƙora a gindin wutsiyarsa, yana ta cizo kamar mai gaigayar masara. Kafin mako biyu gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja har ta fara ɓawo. Na laluba kunnuwa da tsakanin yatsunsa ko kaska ce, ban samu ko ɗaya ba.

Ƙuma, wadda wasu ke kira tunkuyau, ba ta tsayawa a gan ta. Tsawonta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, jikinta a matse yake ta gefe da gefe, shi ya sa take ratsa gashi da gudu. Kashinta ake nema, ba ita ba. Na tsayar da karen a kan farar takarda, na taje bayansa da mataji mai matsattsun haƙora, sai wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar garin masoro suka zubo. Na ɗiga musu ruwa. Cikin minti ɗaya kowane ɗigo ya narke, ya bar jan zobe a kan takardar. Da ƙasa ce da ba ta yi ja ba. Wannan busasshen jini ne, jinin karen da ƙuma ta sha ta fitar.

A asibitin dabbobi aka ba ni maganin ɗigawa mai sinadarin fipronil. Ana sayar da shi cikin 'yan robobi gwargwadon nauyi: mililita 0.67 ga kare mai kilo 2 zuwa 10, mililita 1.34 ga mai kilo 10 zuwa 20, mililita 2.68 ga mai kilo 20 zuwa 40. Kada a yi kirdadon nauyi da ido. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa da karen a hannu, ka cire na farko daga na biyu. Nawa kilo 18 ya yi, don haka na tsakiya na ɗauka. Da safar hannu ake sa shi. Ana buɗe gashin ƙeya, daidai tsakanin kafaɗu inda harshensa ba ya kaiwa, har sai an ga fata ƙuru-ƙuru, sannan a matse robar a kan fatar. Idan a kan gashi ya tsaya, an yi asarar kuɗi, domin ta cikin maiƙon fata maganin ke bazuwa ya game jiki a cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Saboda wannan maiƙon ne ma ba a yi wa kare wanka kwana biyu kafin a sa da kwana biyu bayan an sa. Mutane da yawa sukan wanke kare tas da sabulu sannan su ɗiga magani nan take, suna ganin tsabta suka yi, alhali sun wanke hanyar da maganin zai bi.

Kwana biyu bayan sawa susa ta ragu sosai, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare. Nan na yi kuskure. Ban taɓa makwancinsa ba, da wata ya cika ban sake sa magani ba, a mako na shida kuwa ƙuma ta dawo fiye da ta farko, har mutanen gida suka fara samun ƙuraje masu ƙaiƙayi a idon sawu.

Dalilin yana cikin yadda take hayayyafa. Macen ƙuma tana fara ƙwai kwana ɗaya zuwa biyu bayan ta sha jini na farko, kuma tana iya zuba 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan fari ne, kamar rabin milimita, ba ya manne wa gashi. Duk inda kare ya kwanta ko ya girgiza jiki, nan yake zuba. Bayan 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe tsutsa mai gudun haske, ta shige tsagar siminti, ƙarƙashin buhu, cikin yashin inuwa, tana cin wannan baƙin kashi da manyan suka zubar. Daga nan ta saƙa wa kanta kwanso mai danƙo, ƙura ta lulluɓe shi, ta lafe a ciki. Wannan kwanson shi ne masifar. Feshi ba ya ratsa shi yadda ya kamata, kuma tana iya zama a ciki makonni, wani lokaci watanni, sai ta ji ɗumin jiki ko motsi ko numfashin dabba sannan ta fasa ta yi tsalle. Kiyasin da likitocin dabbobi ke amfani da shi shi ne, ƙumar da ke jikin kare kusan kashi 5 cikin 100 ce kawai, sauran 95 ƙwai ne da tsutsa da kwanso, suna ƙasa. Tsutsar ba ta jure bushewa, idan danshin iska ya yi ƙasa da kashi 50 mutuwa take yi. Shi ya sa abin ke lafawa da hunturu ya tashi da damina, kuma shi ya sa ko da rani wurin da ake zubar da ruwan wanke-wanke kusa da keji yake zame mata mafaka.

A zagaye na biyu na fara da wurin. Tsofaffin buhuna da tsummokaran da yake kwanciya a kai na ƙone su. Bargon da ya rage na riƙa wanke shi duk mako da ruwan zafi mai kai digiri 60, in shanya shi a tsakiyar rana. Kejin kuwa shara kullum, ana zura tsintsiya cikin kusurwa da tsaga, a kwashe sharar a ƙulle a leda a fitar da ita daga gida, ba a tara ta a bayan ɗaki ba. Tsagogin daɓen na kwarara musu tafasasshen ruwa, da suka bushe na toshe da siminti. Akwai wani lungu ƙarƙashin tankin ruwa inda ya haƙa rami yana shan sanyi da rana, a nan na fi samun su. Na kwashe ƙasar saman, na zuba sabon yashi busasshe, na gyara famfon da ke ɗiga. Wanda zai yi feshi ya nemi wanda aka yi domin ƙuma, mai ɗauke da methoprene ko pyriproxyfen, waɗanda ke hana ƙwai da tsutsa girma. A fitar da dabbobi da kwanon abincinsu, kada a dawo da su sai wurin ya bushe ya sha iska.

Ga karen kansa na koma maganin haɗiya. Akwai afoxolaner da ake sayarwa da sunan NexGard, ƙwaya ɗaya duk wata, da fluralaner mai suna Bravecto da ke kai mako 12, ana ba da shi tare da abinci. Sun fi tsada, amma ruwan sama da wanka ba sa rage musu ƙarfi, abin da ke da muhimmanci ga karen da ke kwana a waje da damina. Suna kashe kaska ma. Sharaɗinsu shi ne, karen da ya taɓa yin farfaɗiya ba a ba shi sai likita ya duba, haka ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ko kilo 2 ba. Ko na ɗigawa ko na haɗiya, dole a jera wata uku ba fashi, domin duk kwanson da ke ƙasa ya samu lokacin fashewa, ƙumar ta hau kare ta mutu kafin ta yi ƙwai. A makonnin farko za ka ci gaba da ganin ɗaya-biyu a jikinsa. Sababbin fitowa ne, ba alamar maganin ya gaza ba.

Muna da kyanwa, ita ma sai da ta shiga magani, domin ƙumar da ta fi addabar karnuka asalinta ta kyanwa ce, tana yawo tsakaninsu. Amma a ba ta nata. Maganin kare mai permethrin yana kashe kyanwa, ko da gogar jikin karen kawai ta yi kafin ya bushe, fipronil kuma yana kashe zomo. Inda ake kiwon kaji a duba gefen kunnen kare: akwai ƙumar kaji da ke kafa baki ta zauna cunkus wuri ɗaya ba ta gudu. Idan an gan ta, akurki ma yana bukatar gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarwarin da aka riƙa ba ni: a shafa masa kananzir, a shafa baƙin mai, a ɗiga fiya-fiya a ruwan wanka. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata, kare kuma yana lashewa su shiga ciki. Fiya-fiya da ire-irensa masu dichlorvos guba ce da ke ratsa fata, ta kare da ta mai wankan. Alamarta dalalar miyau, amai, gudawa, rawar jiki, da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Wanda ya riga ya yi ya wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa, ya garzaya asibitin dabbobi da kwalbar a hannu. Allurar ivermectin da wasu ke yi wa komai kuwa ba ta maganin ƙuma yadda ake zato.

'Yan kwikwiyo ƙuma tana iya shanye musu jini har su mutu. A ɗaga leɓe a duba dasashi, idan ya yi fari maimakon ja-ja, asibiti ne nan take. Waɗanda ba su isa shan magani ba, mataji ne abin yi: a taje su safe da yamma, ana tsoma matajin cikin kwanon ruwan sabulu don ƙumar ta nutse, a kuma yi wa uwar da makwancinsu magani bisa shawarar likita.

A wata na biyu na ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a kan kashin karen. Gutsattsarin tsutsar ciki ce, wadda kare ke ɗauka idan ya haɗiye ƙuma wajen cizon jikinsa. Maganin tsutsa na gama-gari ba duka ke kashe ta ba, sai mai praziquantel a ciki, shi aka ba shi gwargwadon nauyinsa. Gashin gindin wutsiya ya fara tsirowa a mako na biyar na zagaye na biyu. Yanzu duk ranar Asabar nakan tsayar da shi a kan farar takarda in taje, kuma ina fara ba shi magani tun watan Mayu, kafin ruwa ya zauna.