Tsintsiyar kotu ma hukunci ce

Ƙannena na Nyanya da Karu da Dei-Dei, idan alƙali ya ce ka je ka share harabar kotu ko ka yashe kwata maimakon ya tura ka gidan yarin Kuje, kada ka koma majalisa kana cewa an sake ka. An same ka da laifi, kuma an rubuta.

Dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda kotunan Abuja ke aiki da ita, ta ba alƙali damar yanke aikin al'umma a ƙananan laifuka. Ba a yi wa wanda ya ɗauki makami, ko laifin lalata, ko laifin da hukuncinsa ya haura shekara 3. Aikin ba ya wuce wata 6, ba ya wuce awa 5 a rana. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa, kotun iyali ce ke duba shari'arsa.

Ni ma na samu wannan sassauci a kan wayar sata da na saya da araha, na kuma yi wasa da shi. Da farko ina zuwa da sassafe, in karɓi tsintsiya, in sa hannu a rajista. Sai wata safiya wani abokina ya hango ni ina kwashe ledojin ruwa a bakin titi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari na ƙi fita. Ba wanda ya neme ni, sai na ɗauka an manta. Na sake fashi, na ce cunkoson hanyar Nyanya ne. Daga baya ko uzurin ma na daina nema. Ashe duk ranar da ban zo ba, layina a rajista yana nan babu sa hannu, kuma wannan littafin ake kai wa alƙali.

Abin da ban lissafa ba shi ne Kawu, wanda ya tsaya mini. Shi aka fara kira. Ya rufe shagonsa ranar ciniki, ya tsaya gaban kotu da hula a hannu yana ba da haƙuri, ni da na yi laifin ina gefe kaina a sunkuye. A mota bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da sunana ka fita, ba da naka ba."

Alƙali na da ikon sauya sharuɗɗan, ko ya ci ka tara, ko ya soke aikin ya yanke maka hukuncin da doka ta tanadar wa laifin tun farko. Fashin farko yakan saurari uzuri. Idan abin ya maimaitu, ba ya tambayar dalili sosai, don ya riga ya gane halinka. Ni tara aka ci ni, aka mayar da ni bakin aiki da gargaɗi mai zafi.

In rashin lafiya ce, kai takardar asibiti. In ka samu aikin leburanci da ya ci karo da lokacin, je wurin jami'in da ke kula da kai tun kafin ranar, ka roƙi a sauya maka awanni. In za ku tashi daga unguwa, sanar da shi sabon adireshi. In sammaci ya zo, je da ƙafarka kafin a rubuta warantin kamu.