Ganin Guguwa Daban, Sanin Ƙarfinta Daban

Duk wanda ya karanta ilimin hasashen yanayi a nan Jidda zai kalli hotunan tauraron ɗan'adam har idonsa ya yi ja. Su ne jarinmu. Tun da Amurka ta harba tauraron duba yanayi mai suna TIROS-1 a 1960 aka shiga zamanin da mahaukaciyar guguwa ba ta ƙasaita a teku ba tare da an hango ta ba. Abin da ya fi zauna mini a karatun nan shi ne, hange bai kai awo ba.

Tauraro daga sama yake leƙe. Saman gajimare yake gani, da sanyinsa, da yadda ya nannaɗe, da ko ido ya buɗe a tsakiya. Sai mu bi dabarar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970, mu ba hoton lamba tsakanin 1 da 8, lambar ta ba mu gudun iska. Kamar dillalin raguna ne da zai dafa gadon bayan rago ya faɗi nauyinsa. Yakan dace, amma hannunsa ba sikeli ba ne. A ajinmu an sha ba mutum biyu hoto ɗaya, kowa ya fito da tasa lambar, kuma kowa da hujjarsa.

Amurkawa ba su tsaya nan ba. Tun 1943 matuƙansu suke kutsawa cikin guguwa da gangan. A yau jiragen WP-3D na hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka (NOAA) da WC-130J na sojan sama kan ratsa katangar idon, inda iska ta fi haukacewa, su jefa wata na'ura mai ƙaramar laima. Tana saukowa tana aiko da matsin iska, zafi, danshi da gudun iska, har ta faɗa ruwa. Wannan shi ne awo.

Mu a Tekun Larabawa ba mu da irin wannan sintiri. Cibiyar Delhi ta Indiya ce ke da alhakin bin guguwoyin yankin, kuma mafi yawan alƙalumanta daga tauraro suke, sai ɗan abin da jiragen ruwa da ma'aunan da ke yawo a teku suka aiko. Guguwar Gonu da ta daki Oman a 2007, Chapala da ta ƙara ƙarfi cikin ƙanƙanin lokaci kafin ta sauka kusa da Mukalla ta ƙasar Yaman a 2015, Mekunu da ta afka wa yankin Salala na Oman a 2018, ƙarfinsu a tsakiyar teku duk ƙiyasi ne. Shi ya sa wani malaminmu ba ya karɓar lamba sai ya tambaya, "Wa ya auna?" Da farko abin kan ba mu haushi. Yanzu ko rahoton wani nake karantawa, tambayar nake fara yi.

Na kuma lura hanyar da guguwa za ta bi ta fi ƙarfinta sauƙin hasashe, ko a wajen masu jiragen. Ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi, iskar sama ta lafa, sai ka kwana da ƙaramar guguwa ka tashi da babba.

Mutanenmu kuwa tambayarsu ɗaya ce. Lokacin guguwar Shahin a 2021 wani dattijo maƙwabcinmu ya tare ni bayan Magariba.

"Ɗana, wannan ta Oman za ta iso mu?"

Na ce, "Baba, da wuya ƙwarai. Bahar Maliya ta yi mata ƙunci, ga sahara a tsakani. Mu ruwan sama ne abin tsoronmu."

Bai yi musu ba, don yana nan a ranar 25 ga Nuwamba 2009, da ambaliya ta gangaro daga duwatsun gabas ta mamaye unguwar Ƙuwaiza, aka rasa mutum fiye da 100. Ya ce to in na ga hadari a kwamfutata in yi masa waya, ya hana yaransa bin hanyoyin ƙarƙashin gada.