Tsohon da ke tara duwatsun niƙa

Shekara 18 ke nan ina niƙa a wannan rumfa, kuma duk matar da ta taɓa cewa garina ba ya ƙauri, to ta sa Baba a addu'a. Allah Ya yi masa rasuwa cikin azumin bana.

Ba mahaifina ba ne, ba kuma ubangidana ba. Tsohon bakanike ne a unguwarmu nan Kano, wanda ya ƙwallafa ransa kan kayan niƙa na da. Zaurensa ko wurin shimfiɗa tabarma babu: duwatsun niƙa jere, kowanne da ɗansa a kai, ga turame da suka rarake, ga tsofaffin rariya a bango. Da ya ji za a rushe gida a ƙauye sai ya hau keke ya je roƙon dutsen. Har cewa ake ya taɓu. Shi kuwa sai ya shafa kwarmin dutse ya ce, “Ɗana, hannun mata nawa ka san ya ci wannan?”

Abin alfaharinsa wani inji ne, Lister mai ƙarfin doki 6, ƙirar garin Dursley na Ingila. An daina ƙera irinsa tun 1987, amma nasa juyi biyu da hannu ya tashi, yana bugawa a natse. Ya kan nuna mini kwaikwayonsa na Indiya, ya sa in rufe ido in bambance su da kunne.

A nan na koyi aikin gaske. Ranar da na fara ƙona wa wata gero saboda na matse faranti, wato ƙarfen injin da ke murƙushe hatsi, bai yi faɗa ba. Ya cusa hannuna cikin garin mai zafi, ya ce wanda ya san koɗa dutse ba ya cutar hatsi. Daga nan na san matsin dawa daban, na masara daban, tsaki kuma sai an saki faranti. Har yau ba na markaɗa barkono a injin gari, komai sauri.

Ga inda raina ke ɓaci. Farantan yanzu, wasu sati uku sun cinye, ƙarfen kuma cikin tuwon mutane yake tafiya. Wani dillali ya taɓa rantse mini nasa na asali ne. Na sa mayen ƙarfe a garin farko, ya fito baƙi ƙirin. Na zubar da tiya huɗu, na biya mai ita. Duk da haka a zo ana cewa, “Haba Malam, na bayan layi ya fi araha.” To a je can.

'Ya'yan Baba sun ba ni dutse ɗaya. Yana bakin ƙofa, yaran da aka aiko niƙa a kansa suke zama jiran layi.